In, On, At: Tarihin 'Yan Kalmomin da Suka Hana Mu Kiredit



Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin makarantar boko a cikinmu ya san irin tambayar nan: malam ya rubuta jimla a allo, ya bar gurbi a tsakiya, ya ce a cike da "in" ko "on" ko "at". Ka gan su kamar ba komai, haruffa bibbiyu ne kacal. Mun haddace kalmomi masu tsawon igiyar guga, irin su "photosynthesis" da "constitution", ba su ba mu wahala ba, sai waɗannan 'yan mitsi-mitsin ne suka riƙa kayar da mu. An koya mana "in the morning", "in the afternoon", "in the evening", har mun saki jiki, da aka zo kan dare sai aka ce "at night". Safiyar ma da ka jingina mata sunan rana sai ta rikiɗe ta koma "on Monday morning". Ƙaramar mota ana shiga da "in", bas kuwa, wadda ta fi ta faɗin ciki nesa ba kusa ba, sai a ce "on". Akwai ranar da wani a ajinmu ya yi ta maza ya tambayi dalili. Malam ya dube shi ya ce, "Haka Bature ya ce," ya juya ya ci gaba da rubutunsa.

Yanzu muna iya dariya, amma abin ya ci mutane. Idan babu kiredit a Turanci babu jami'a, ko da ka cinye lissafi da kimiyya. Mun san waɗanda suka zauna jarrabawar sau biyu, sau uku, suka gaji suka kama kasuwa. Wasu aka yi musu aure, maganar karatu ta wuce ke nan. Mun kuma san manya masu digiri da ke yin gum a taro alhali suna da abin faɗa, don tsoron kada su sa "on" inda ake sa "in" a yi musu dariyar ƙeta. Da yawansu sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa kwanyarsu ce ba ta ja.

To, malam bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai maganar ƙarshe ba. Waɗannan kalmomi da Turawa ke kira firifozishan, ba wani ne ya zauna ya tsara su bisa hankali ba. Tarkacen tarihi ne na fiye da shekara dubu: yaƙi ya bar wasu, cuɗanyar kasuwa ta bar wasu, fada ta bar wasu. Sanin yadda suka taru ba zai hana mutum kuskure nan take ba, amma zai nuna masa wace doka ce ta gaske wadda dole a bi, wacce ce kuma wani mawaƙi ya ƙirƙira aka yi ta dukan yara a kanta.

Mu koma ƙarni na 5, lokacin da wasu ƙabilu daga gaɓar arewacin Jamus da Denmak ta yau, wato Angul da Sakson da Jut, suka tsallaka teku suka zauna a tsibirin Birtaniya. Daga sunan Angul aka samo Ingila da Ingilishi. Harshen da suka zo da shi, wanda masana ke kira Tsohon Turanci, Baturen yau ba zai iya karanta shi ba sai ya koya kamar baƙon harshe. Babban abin da ya raba shi da na yau shi ne i'irabi. Wanda ya ɗan leƙa Ajurumiya a zaure ko a Islamiyya zai gane nan da nan: Zaidun, Zaidan, Zaidin. Mutum ɗaya ne, amma ƙarshen sunansa ne ke gaya maka ko shi ya yi aikin, ko a kansa aikin ya faɗa, ko an jingina masa wani abu. Tsohon Turanci haka yake, har ma ya fi Larabci da guda, don nasa matsayin huɗu ne. Dutse "stan" ne. Na dutse, "stanes". Ga dutse, "stane". Duwatsu "stanas", na duwatsu "stana", ga duwatsu "stanum". Sarki "cyning" ne, idan aka ba shi wani abu ya zama "cyninge", kuma wannan wasalin na ƙarshe ya isa ya nuna shi aka bai wa, ba sai an sa "to" ba.

Firifozishan suna nan tun a lokacin, amma kaya bai yi musu yawa ba, domin wutsiyar kalma na ɗauke da rabin nauyin.

Sai wutsiyar ta fara zaizayewa. Dalili na farko daga cikin harshen ne: masu wannan harshe suna ɗora nauyin murya a kan gaɓar farko ta kalma, su sassauta sauran. A hankali "-a" da "-e" da "-u" na ƙarshe suka koma sauti ɗaya mara fuska, "-um" ta koma "-en", daga baya ita ma ta bi sahu. Dalili na biyu daga teku ya zo. A 793 mayaƙan Viking daga ƙasashen Sikandinebiya suka kai hari gidan ibada na tsibirin Lindisfarne. Da farko ganima suke ɗiba su koma, amma a 865 suka zo da babbar runduna da niyyar zama, a 866 suka ci birnin York. Sai a 878 Sarki Alfred na Wessex ya taka musu burki a yaƙin Edington, daga baya aka yi sulhu aka bar musu arewa da gabas. Suka zauna, suka yi noma, suka auri 'yan ƙasa.

Harshensu ɗan'uwan Tsohon Turanci ne na kusa. Wannan ya ce "stan", wancan ya ce "steinn". Tushen kalma ana ganewa, wutsiyar ce ba ta zo ɗaya ba. Mutum biyu masu cinikin doki, ko miji da mata a ɗaki ɗaya, me za su yi da wutsiyar da ke rikita su? Masana sun yi saɓani a kan girman rawar da wannan cuɗanya ta taka, amma abin da rubuce-rubucen zamanin suka nuna shi ne a arewa, inda baƙin suka zauna, i'irabin ya fara rushewa kafin kudu. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ku saurari Hausar zangunan Kumasi da Ankara, inda Hausa ta zama harshen ciniki tsakanin ƙabilu da yawa, za ku ji bambancin "ya" da "ta" ya yi rauni ƙwarai. Larabcin kasuwar Khartum ko na Injamena ma ba ya ɗauke da rufu'a da fataha da kisira a ƙarshen suna. Kuma shigar da Viking suka yi wa Turanci ba ta sama-sama ba ce: "they" da "them" da "their" nasu ne, "till" ta ƙarfafa ne da zuwansu, "fro" da ke cikin "to and fro" ita ma tasu ce.

A ranar 14 ga Oktoba 1066 William na Normandi ya ci Ingila a yaƙin Hastings. Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin ya riƙe coci da ilimi, Turanci ya koma bakin manoma da masu hidima. Sai a 1362, kusan shekara 300 bayan haka, aka yi dokar cewa a riƙa shari'a da Turanci. A tsawon wannan lokaci babu wata fada da ke tsare wa harshen ƙa'idar rubutu, kowa na rubuta shi yadda yake furtawa. Akwai shaida guda mai ban sha'awa. A gidan ibada na Peterborough an ci gaba da rubuta littafin tarihin shekara-shekara da Turanci bayan sauran wurare sun daina. Wanda ya rubuta kashin ƙarshe, na shekarun 1132 zuwa 1154, Turancinsa ya riga ya zubar da mafi yawan wutsiyoyin. A littafi ɗaya kana iya ganin tsohon harshe a shafukan farko, sabo a shafukan ƙarshe.

Aikin da wutsiya ta ajiye dole wani ya ɗauka. Jerin kalmomi a jimla ya ɗauki wani kashi, firifozishan suka ɗauki sauran. "To" ta karɓi aikin nuna wanda aka bai wa abu, "of" ta karɓi babban rabo na aikin mallaka, tana bin sawun "de" ta Faransanci. Abin da ya saura na tsohon tsari kaɗan ne: 's ɗin da ke cikin "the king's horse", da "he, him, his", da "who, whom".

A nan akwai wani abu da zai amfani mai koyo kai tsaye. Me ya sa ake cewa "tell me" amma ba a cewa "explain me"? A wajenmu "faɗa mini" da "bayyana mini" gini ɗaya ne, shi ya sa muke faɗawa ramin. "Tell" da "give" da "show" tsofaffin 'yan gida ne, sun riƙe tsohon tsarin da ba ya bukatar "to". "Explain" da "donate" da "describe" baƙi ne daga Latin da Faransanci, sun shigo bayan an rushe tsarin, don haka ba sa isa ga mutum sai ta hannun "to". Dokar tana da togaciya, domin "pay" da "offer" baƙi ne amma sun saje da 'yan gida, sai dai a mafi yawan lokuta tana aiki. Babu wanda ya taɓa gaya mana wannan a aji.

Da kaya ya yi wa waɗannan 'yan kalmomi yawa, sai suka riƙa sauya ma'ana, suna ture juna. Ɗauki "with". A Tsohon Turanci ma'anarta gaba da, ko fuskantar abu. Kalmar da ke nufin tare da ita ce "mid", 'yar'uwar "mit" ta Jamusanci. "With" ta ci gidan "mid" ta kore ta, har ba ta saura ba sai a cikin "midwife", wato unguwarzoma, wadda ke tare da mace. Tsohuwar ma'anar "with" kuwa tana nan ɓoye a cikin "withstand" da "withdraw" da "withhold", shi ya sa "fight with" har gobe take da fuska biyu: ko kun yi faɗa da shi, ko kun haɗu kun yaƙi wani. "Of" da "off" kalma ɗaya ce mai nufin daga, ko nesa da. Furuci ne ya raba su, rubutu bai gama raba su ba sai wajen ƙarni na 17. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin "die of hunger" ba, daga yunwar mutuwar ta fito. "Down" ta fi ba da dariya: asalinta "of dune" ne, wato daga tudu. Sunan tudu ne ya wayi gari yana nufin ƙasa. "Among" daga "on gemang" take, cikin taron jama'a.

Sai kuma manyan masu laifin, "in" da "on". A Turancin fadar Alfred, "on" ce ke yin kusan duk aikin da yau aka raba musu su biyu. Suna cewa "on Englisc" inda yau ake cewa "in English". Suna cewa "on sumera" da rani, "on niht" da dare, "on morgen" da safe. Daga baya "in" ta farfaɗo, da taimakon "in" ta Latin da "en" ta Faransanci, ta riƙa ƙwace wurare ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙwace watanni da shekaru da safiya, ta kasa ƙwace ranaku, dare kuma ya faɗa hannun "at". Inda rabon ya tsaya, nan ya daskare. Wasu wuraren "on" ta narke ta koma "a" ta manne da kalma: "alive" da "asleep" daga nan suka fito. Ke nan yaron da ya sha bulala don ya ce "on the night" ko "on English", da a gaban Sarki Alfred ya faɗa, da babu wanda zai ɗaga kai.

Fi'ilan da suka shigo daga Faransanci su ma sun daɗe suna laluben abokin zama. "Depend" asalinta rataya daga wani abu ne, kuma a tsofaffin rubuce-rubuce ana samun "depend of". "On" ce ta yi nasara daga baya, kuma da "of" ce ta ci, da ita za mu haddace ba tare da an ba mu wani dalili ba.

Kafin mu ɗora wa Turanci laifi duka, mu dubi namu. Muna cewa "a Kano", "a gida", "a ranar Litinin" da "a" guda ɗaya inda Bature ke bukatar uku. Amma da aka zo lokaci sai mu ce "da safe", "da dare", "da ƙarfe uku". Me ya kawo "da" nan? Ita wannan "da" ɗin da ke haɗa mutane, mun zo da shi, mun ci da shi, ita ce kuma muke rabuwa da ita: na rabu da shi, nesa da gida, dabam da nawa. Baturen da ke koyon Hausa idan ya tambayi dalili, amsar malaminmu za mu ba shi, haka Bahaushe ya ce. Wani lokacin ma ba ma sa komai, ya tafi kasuwa, ya hau doki. Wani lokacin kuma fi'ilin ne ke ɗauke da alƙiblar a wutsiyarsa: fita da fito, saya da sayo da sayar. Abin da Turanci ke yi da "out" da "from" da "to", mu da wasali ɗaya muke yin sa. Sauran kuwa daga jikinmu muka ciro su: kai ya ba mu "kan", ciki ya ba mu "cikin", ga bayan gida, bakin kogi, gindin bishiya. Har goshi bai tsira ba, muna cewa goshin magariba. Ga abin mamaki, "front" da ke cikin "in front of" daga kalmar Latin take mai nufin goshi. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma ba su huta ba, nasu ciwon kan Faransanci ne, inda ake cewa "en France" amma "au Niger".

Duk abin da muka faɗa zuwa nan doka ce ta gaske. Ba ta da dalili na hankali, amma haka masu harshen ke magana, kuma wanda ya saɓa za a ji. Akwai wata dokar daban wadda ba haka take ba, ita ce wadda ta ce haramun ne a ƙare jimla da firifozishan. Da yawanmu an ja mana jan biro a kan "Who are you talking to?", aka ce sai dai "To whom are you talking?"

Wannan daga Latin ta fito. Littafin nahawun Turanci na farko da aka rubuta da Turanci, na William Bullokar a 1586, an ɗinka shi ne a kan ma'aunin nahawun Latin. Sunan firifozishan kansa na Latin ne, ma'anarsa abin da aka ajiye a gaba. A Latin, kamar harafin jarri a Larabci, ba ya tsayawa shi kaɗai babu sunan da ke bin sa. Turanci kuwa tun zamanin Alfred yana barin sa a ƙarshe, haka ma harsunan Denmak da Suwidin da Norwe suke yi har yau. Mu ma muna da kwatankwacinsa: gidan da muke ciki, abin da muke magana a kai.

Wanda ya fi kowa yayata ƙyamar wannan gini shi ne John Dryden, mawaƙin fadar Sarki Charles na II. A 1672 ya yi wani rubutu yana son nuna cewa marubutan zamaninsa sun fi na zamanin Shekisfiya gogewar harshe. Cikin laifuffukan da ya lissafa wa Ben Jonson, marubucin wasan kwaikwayo da ya riga ya rasu, har da ƙare jimla da firifozishan, kuma ya amsa cewa shi ma bai daɗe da gano wannan aibi a nasa rubutun ba. Bai tsaya nan ba. Da aka sake buga littafinsa na 1668 a kan waƙen wasan kwaikwayo a 1684, ya bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya yana janyo firifozishan daga ƙarshe yana maido su gaba. Dryden da bakinsa ya faɗi cewa idan ya yi shakkar Turancinsa yakan juya shi zuwa Latin ya gani ko ya zauna. Kamar Bahaushe ne ya ce duk jimlar Hausar da ba ta bi ƙa'idar Alfiyya ba gurguwa ce.

Robert Lowth, malamin Ibrananci wanda daga baya ya zama bishop na Landan, shi aka fi ɗora wa laifin, amma an zalunce shi kaɗan. A ɗan littafinsa na nahawu na 1762 bai haramta ginin ba. Cewa ya yi harshen na karkata gare shi, ya dace da hira da rubutun yau da kullum, sai dai a rubutu mai nauyi ɗaya salon ya fi kyau. A cikin jimlar da ya yi wannan bayanin ma, da firifozishan ya rufe sashenta. Sai Lindley Murray, lauya haifaffen Pennsylvania ta Amurka, ɗan ɗariƙar Kirista da ake kira Kwaka, wanda ya koma zama kusa da York, garin nan dai da Viking suka ci. A 1795 ya rubuta littafin nahawu don wata makarantar 'yan mata ta garin, ya kwashi da yawa daga Lowth. Littafin ya sayu miliyoyin kwafe a Ingila da Amurka. Daga hannun marubuci zuwa hannun malamin aji, "ya fi kyau" ta koma "wajibi ne", domin a aji mai yara da yawa, doka mai kaifi ɗaya ta fi sauƙin koyarwa da sauƙin maki. A 1926 H. W. Fowler, wanda Turawa ke ɗauka a matsayin alƙalin harshe, ya fito fili ya kira dokar camfi. Amma kafin nan ta riga ta hau jirgin ruwa ta tafi ƙasashen da Ingila ke mulka.

Mu Turanci bai iso mana da wuri ba. Makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka fara koyarwa a cikinta. Turanci na sosai sai a Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu, kuma ta yi suna wajen horar da baki a kan furuci. Har yau idan aka saka muryar Ɓalewa mutane kan yi tsit. Amma mu lura da yadda suka koya: ɗalibai 'yan kaɗan, makarantar kwana, malamai masu harshen, suna jin sa safe da yamma. Da kunne suka ɗauki "in" da "on", yadda yaro ke ɗaukar "da safe" ba tare da an ba shi dalili ba.

Na bayansu ba su sami wannan gata ba. An kafa hukumar WAEC a 1952, jarrabawa ta zama ma'aunin kowa. A 1976 shirin UPE ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda ake da ƙwararrun malamai. Kunne ya ba littafi wuri. Waɗanda suka yi makaranta a shekarun baya za su tuna Brighter Grammar na Eckersley da Macaulay, da kuma ɗan littafin nan Common Mistakes in English, wanda babinsa na farko ya fara da kuskuren firifozishan. Marubucinsa, T. J. Fitikides, malamin Turanci ne a birnin Nikosiya na tsibirin Saifurus, littafin ya fara fitowa a 1936, kuma ɗaliban da ke gabansa masu jin Girkanci ne. Littafi ne mai amfani, muna ganin girmansa, kuma ya gane abu mafi muhimmanci: ya jera kowace kalma tare da firifozishan ɗinta, a haddace su a matsayin abu ɗaya. Sai dai ba don Bahaushe aka rubuta shi ba. Ba zai gaya maka cewa "discuss about" daga "tattauna a kan" take fitowa ba, ko "borrow me" daga "ara mini", ko kuma cewa "a" ɗinmu guda ɗaya ce ke sa mu ga "in" da "on" da "at" kamar 'yan uku masu kama ɗaya.

A ganinmu nan ne aka yi asara mafi girma. An hana mu Hausa a aji, har da tara ga wanda ya yi ta, alhali ita ce fitilar da za ta nuna mana inda ramin yake. Malamin da zai tsaya minti goma ya ce, ku duba, mu muna cewa "jin tsoron kare" babu komai a tsakani sai ɗan "n", su kuwa suna cewa "afraid of", ku riƙe ta dunƙule kada ku raba, ya fi wanda zai ba da gurbi hamsin a cike. Cike gurbi hanyar gwaji ce mai sauƙin maki, an mayar da ita hanyar koyarwa. Dokokin da ake zanawa a allo, "in" ga babban wuri, "at" ga ƙarami, "on" ga abin da ke da shimfiɗa, suna taimakawa a farkon tafiya, kuma ya kamata a gaya wa yaro tun ranar farko cewa za su ƙare masa a hanya, don kada ya ɗauka shi ne ya kasa. Abin da ya saura sai yawan karatu da yawan sauraro, da ɗan littafin aljihu inda mutum zai riƙa rubuta "interested in", "good at", "married to" a dunƙule duk inda ya tsince su.

Rabon da aka fara tun zamanin Alfred bai ƙare ba. Mutumin Landan na cewa "at the weekend", na Amurka na cewa "on the weekend". A kan "different" kaɗai akwai "from" da "to" da "than", kowacce da masu kare ta. "Discuss about" da ake ja mana jan biro a kanta, ana jin ta a Indiya da Singafo, wuraren da ba su taɓa jin Hausa ba, domin Turancin kansa yana cewa "talk about" da "a discussion about", mai koyo kuwa daidaitawa yake yi, irin daidaitawar da ta kori "mid". A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow" da "flag off". "Discuss about" ba ta cikinsu, kuma mai makin WAEC bai karɓe ta ba tukuna. Ƙannenmu da za su zauna jarrabawa bana su rubuta "discuss the matter", su bar "about" a gida. Idan kuma jimlarsu ta ƙare da "to" ko "with" a cikin wasiƙar aboki, su bar ta yadda take, Lowth da kansa ya yarda da wannan tun 1762.